"Kilin Taitil" Ba Ya Wanke Motar da Ta Sha Ruwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata bakwai ke nan da zuwana Houston, a jihar Texas ta Amurka, kuma aikina yana da nisa, bas ba ta kai wa can. Na ga wata Toyota Camry ta 2016 a Facebook, dala 5,500, alhali irinta a wurin dillalai ta kusa ninki biyu. Mai ita ya ce "kilin taitil" ce, wato takardar mallakarta ba ta da tabo, ya turo mini hoton takardar, ya ce in kawo kuɗi hannu kafin Asabar. Kuɗin nan su ne duk abin da na tara. Gabana yana faɗuwa, amma abokaina sun ce tunda takarda lafiya, mota lafiya. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Faɗuwar gaban nan taka ta fi abokanka gaskiya. Kada ka kai kuɗin Asabar.

Maganar nan ta "takarda lafiya, mota lafiya" na gaji da jin ta a garejina, kusan kullum sai an faɗa mini ita, galibi bayan an riga an biya. Abin da "kilin taitil" yake nufi kawai shi ne babu wani kamfanin inshora da ya rubuta wa hukuma cewa motar ta lalace har gyaranta ba zai biya ba. Shi ke nan. Takarda ba ta leƙa ƙarƙashin kafet.

Ka duba yadda abin yake faruwa. A Texas doka ta tilasta wa mai mota inshorar da za ta biya wanda ya buge ne kawai. Ambaliya kuwa sai wanda ya sayi cikakkiyar inshora ake biya. To, wanda ya tsaya a ƙaramar, ruwa ya shanye masa mota, wa zai kai wa ƙara? Babu. Zai busar da ita a rana, ya fesa turare, ya ɗora a Facebook da takardarta fes. Guguwar Harvey ta watan Agustan 2017 ta nutsar da motoci dubu ɗaruruwa a garin da kake zaune, kuma Camry ta 2016 tana kan titi a lokacin.

Akwai kuma wankin takarda. Kowace jiha a Amurka da nata dokokin rajista. Sai a sayi motar da inshora ta yi wa tambarin "salbej", wato lalatacciya, a gwanjon Copart, kamfanin da ke gwanjon irin waɗannan motoci, a kai ta jihar da ba ta cika tsanani ba, a sake fitar da takarda, tambarin ya ɓace. Motocin Florida da ruwan gishiri ya ci a guguwar Ian ta 2022 sun fi kowanne muni, don gishiri ba ya daina cin waya. Irin waɗannan ne ma wasu ke lodawa jirgi zuwa Kwatano, su ƙare a hannun 'yan'uwanmu a gida.

Abin takaici, motar ruwa ba ta nuna halinta ranar saye. Inji zai tashi lafiya, fenti na ƙyalli. Wani yaro ya kawo mini tasa bayan wata uku: yau gilashi ya ƙi sauka, gobe fitilar birki ta kama a dashbod, jibi ta mutu a tsakiyar babban titi. Da na ɗaga kafet, kan wayoyin duk sun yi kore kamar tsohon kwabo. Na'urar da ke ba jakar iska umarni, wato jakar da ke kumbura ta kare ka in an yi haɗari, a ƙasa take zaune, tsakanin kujerun gaba, daidai inda ruwa yake kwanciya. Wannan ce ta fi tsorata ni, domin ba ka sanin ta lalace sai ranar da kake bukatarta.

Ka nemi lambar VIN, wato lambar shaidar motar mai harufa da lambobi 17, ka karanta ta da idonka a jikin motar, ka gwada da ta takarda. Ka saka ta a shafin NICB, ƙungiyar da ke yaƙi da zambar inshora, kyauta ne, sannan ka sayi rahoton tarihin motar daga NMVTIS, rumbun bayanan takardun mota na gwamnati, da na kamfanin Carfax. Amma ko sun fito fari tas, ka tuna abin da aka kai musu kawai suka sani. Sai ka ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka nemi zanen ruwa, ka ciro safaya ka shafa ƙasan wurin ko akwai busasshen laka, ka haska ƙusoshin kujera da tocila. Sabon kafet a tsohuwar mota, ko turaren da ya yi yawa, ka tambayi dalili. Daga nan ka kai ta wurin bakaniken da kai ka zaɓa, ka biya shi dala ɗari ko ɗari biyu ya ɗaga ta sama. In mai ita ya ce ba shi da lokacin wannan, ya ba ka amsa.

Ka kuma duba sunan da ke kan takardar, ya dace da lasisin wanda kake ba kuɗi. Masu cewa "ta ƙanwata ce" yawancinsu dillalai ne marasa lasisi. Kuma ka ware harajin kashi 6.25 cikin ɗari, domin kwana 30 Texas ta ba ka ka mayar da takardar sunanka.