Hukuncin kunna wa kaji fitila da dare don su ƙara ƙwai

Tambaya: Malam, ina kiwon kajin gidan gona masu ƙwai. Likitan dabbobi ya ce in riƙa kunna musu fitila bayan magariba, ƙwai zai ƙaru. Wani ɗan'uwa kuma ya ce canza halittar Allah ne, kuɗin ma akwai shubuha. Mene ne hukuncinsa?

Amsa: Da sunan Allah. Ba a yanke wa abu hukunci sai an san yadda yake, don haka bari mu fara da abin da masana suka tabbatar.

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwar kaza akwai wani ɗan ƙullutu da ake kira fituwitari. Idan wuni ya yi tsawo, hasken da ya shiga ido, har ma wanda ya ratsa ƙoƙon kai, yana motsa wani sashe na ƙwaƙwalwa ya aika wa ƙullutun nan saƙo, shi kuma ya saki sinadarai biyu cikin jini, FSH da LH. Su ne ke sa gwaiduwa ta girma, kuma hauhawar LH ce ke sa nunanniyar ta sauko cikin 'yan awoyi. Daga nan ƙwai yakan ɗauki kusan awa 25 kafin ya yi ɓawo ya fito. Kaza mai ƙwai tana son hasken awa 14 zuwa 16, wuninmu kuwa a ƙasar Hausa bai cika nisa da awa 12 ba. Giɓin nan fitilarka ke cikewa.

To, ina canjin halitta a nan? Ba ka yanke mata komai ba, ba ka ɗura mata wani baƙon abu ba. Sinadarin nata ne, Allah ne ya ɗaura shi da haske, kai sababi kawai ka riƙa. Ayar Suratun Nisa'i ta 119, wadda ta yi magana a kan canza halittar Allah, ba ta hau kanka ba. Asalin irin waɗannan abubuwa halacci ne, kuma a kan barbarar dabino Manzon Allah (SAW) ya ce: "Ku ne mafi sanin lamarin duniyarku," kamar yadda Muslim ya ruwaito. Kai, Ibn Abi Zaid a cikin Risala ya halatta fiɗiye tumaki da awaki don namansu ya gyaru, alhali wannan ya fi kunna fitila shiga jikin dabba nesa ba kusa ba.

Inda nake jin tsoro shi ne cutarwa. Wasu don kwaɗayi sukan bar wuta har garin Allah ya waye, kaza ba barci ba hutu. Wasu sukan ƙara wa ƙananan kaji haske tun jikinsu bai yi ƙwari ba, su soma ƙwai da wuri, har hanyar ƙwan ta zazzago, 'yan'uwansu su yi ta saran wurin. Wannan bai halatta ba, domin Allah ya wajabta kyautatawa a kan kowane abu. Ka bar musu duhun kamar awa 8, ka ƙara hasken sannu a hankali idan sun kai kimanin mako 18, kada ka tauye musu ruwa da abinci mai gina ɓawo.

Idan ka kiyaye wannan, aikinka halal ne, kuɗin ƙwanka halal ne. Shi kuma ɗan'uwanka, ka yi masa bayani cikin taushi. Wallahu a'alam.