Aika Ɗanyen Fure a Zafin Kano: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Anti, ina aiki a Legas, maiɗakina tana unguwar Rijiyar Zaki a Kano. Ranar Juma'a mai zuwa za mu cika shekara 5 da aure, ga shi ba zan samu zuwa ba. Na ga masu sayar da ɗanyen fure a Instagram suna cewa in ka biya da safe, kafin yamma an kai. In yarda da su?

Amsa: Ƙanena, Allah Ya ƙara danƙon ƙauna. Ana kaiwa a ranar, ba ƙarya suke yi ba. Amma kai kada ka bari sai ranar ta zo. Ka fara magana da su tun Talata ko Laraba.

Ga dalili. Furen wardi ɗan sanyi ne, ba ya shiri da ranar Kano. Wanda ake sayarwa a nan galibi daga Jos ake kawo shi, ko kuma ya sauka ta jirgi daga ƙasashe irin su Kenya da Habasha. Wato alƙawarin kaiwa a ranar daga shago zuwa ƙofar gida ne kawai, furen kuwa ya yi kwanaki da barin uwarsa. Saboda haka kafin ka tambayi farashi, ka tambaya yaushe kaya suka iso. Ka ce a ɗauko maka bidiyon abin da ke hannu yau ta WhatsApp, kada ka dogara da hoton da ke shafinsu. In ka ga kan furen ya sunkuya, ko gefen ganyensa ya fara baƙi, ka haƙura da shi. Sannan ka faɗa musu ƙarara ɗanye kake so, domin a Kano in ka ce fulawa kawai, wani ta roba zai naɗo maka.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar da ka zaɓa. Da an doshi azahar ranar Juma'a, tituna kusa da manyan masallatai suna cika, wasu ma a rufe su sai an idar. A daidai lokacin ne rana take tsakiyar ka, kuma daga Maris zuwa Mayu zafinmu yakan kai digiri 40. Awa ɗaya cikin akwatin mai babur a irin wannan rana ta isa ta lalata abin da ka kashe kuɗi a kai. Ka tsaya a kan a kai kafin ƙarfe 11 na safe, in hakan bai yiwu ba a bari sai bayan la'asar. Ka roƙa a naɗe gindin furen da jiƙaƙƙiyar auduga.

Kwatance kuma ka yi shi irin namu: wane masallaci, wane gidan mai, layi na nawa. Tunda ba-zata kake son yi mata, ka ba da lambar ƙanwarta ko wata maƙwabciya da za ta amsa waya nan take. Ku yi maganar kuɗin kaiwa tun farko, kuma in sun yarda ka tura rabi, sauran sai kaya sun shiga hannu. Kada ka manta da ɗan kati, ka faɗa musu kalmomin da kanka. Furen zai bushe cikin mako, katin kuwa na san mata da yawa da suke ɓoye shi a ƙasan akwati.

Tambaya: Gwaggona tana kwance a asibiti. Ya dace in aika mata fure?

Amsa: 'Yata, Allah Ya ba ta lafiya. Ki fara tambayar ma'aikatan jinya, don ba kowane ɗaki ake bari a shiga da shi ba, kuma ƙamshin wasu furanni yana tayar wa mai asma ciwo. Amma in ra'ayina kike nema, ki riƙo dabino ko lemo da ayaba, gwargwadon abin da likita ya yarda ta ci, ki je da ƙafarki. A wurin iyayenmu dubiya ita ce a ga fuskarki, ki zauna ki ce sannu Gwaggo. In kina nesa, ki kira ta, ki aika wa mai jinyarta abin hidima.

Tambaya: An aiko mini fure, kwana 2 kacal ya yi ya langaɓe. Me na yi ba daidai ba?

Amsa: Wataƙila kin bar shi a cikin ledarsa don kyan naɗin. Da ya iso ki kwance shi, ki datse ƙasan kowane kara a karkace da wuƙa mai kaifi, ki tsige ganyen da zai nutse a ruwa, don shi ke ruɓewa ya ɓata ruwan. Ki sa shi a tsabtataccen kofi mai tsawo da ruwa mai ɗan sanyi, na randa ma ya isa, ki riƙa canzawa kullum kina ƙara datse karan kaɗan. Ki nisanta shi da taga da iskar fanka, musamman da hunturu. Kada ki ajiye shi kusa da ayaba ko mangwaro, domin 'ya'yan itace masu nuna suna fitar da wata iska da ke saurin tsufar da fure. Da dare ki mayar da shi ɗakin da ya fi sanyi a gidan.