An ce in daina bayani, in bar yara su gano da kansu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da lissafi a aji uku a wata firamare a Gadarif. Yaran sun haura sittin, yawancinsu Hausa suke yi a gida, Larabcinsu sama-sama ne. A wata bita an ce mana hadda tsohon yayi ce, mu raba yara rukuni-rukuni su gano darasi da kansu. Wata biyu ke nan, rabinsu ba su san 7 sau 8 ba, ga mai duba makarantu na tafe. Hankalina a tashe yake. Ina kuskurena?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, kwantar da hankalinki, rabin magana aka ba ku a bitar nan.

Abin da Piaget, masanin tunanin yara da ake jingina wannan tsari gare shi, ya ce shi ne yaro yana ɗora sabon sani a kan wanda yake da shi. Bayani ne kan yadda koyo ke faruwa a cikin ƙwaƙwalwar yaro, bai ce malami ya naɗe hannu ya koma gefe ba. Vygotsky, wani masanin koyon yara da masu bitar suke yawan ambata, shi ma hujja ce a kansu, domin maganarsa ita ce akwai tazara tsakanin abin da yaro zai iya shi kaɗai da abin da zai iya idan wanda ya fi shi sani ya kama masa. To, yara shida a rukuni, babu wanda ya san 7 sau 8, wa zai kama wa wa? Makafi ne babu ɗan jagora.

Ƙwaƙwalwar da muke aiki da ita nan take ƙarama ce. Masanin ƙwaƙwalwa Miller a 1956 ya ce kusan abu bakwai take riƙewa, binciken da ya biyo baya ya rage zuwa kusan huɗu. Yaron da bai haddace jadawalin sau ba, wannan ɗan gurbin ya ƙare a ƙirgen yatsu, yaranki kuwa har da kokawa da Larabci. A 2006 masana ilimi Kirschner da Sweller da Clark suka tattara hujjojin cewa barin sabon shiga ya lalubo da kansa ba ya kai shi ko'ina, wanda ya riga ya ƙware ne ke amfana. Amma har gobe ana tara malamai ana zagin hadda, galibi daga bakin waɗanda ba su taɓa tsayawa gaban yara sittin da alli a hannu ba. Takardar mai duba kuma tambayarta ɗaya, an jera benci rukuni-rukuni? An jera, an sa hannu, yaro ya tafi gida wayam. Haddar da ta cancanci suka ita ce ta amshi, inda yara goma ke ɗauke aji saura na motsa baki.

In darasinki minti 40 ne, ki buɗe da minti biyar na tambayoyi biyar, littafi a rufe: biyu daga jiya, biyu daga makon jiya, ɗaya daga watan jiya. Tun 1885 Ebbinghaus, mai bincike kan mantuwa, ya nuna mantuwa ta fi gudu a farko-farko, malaman allo kuwa sun daɗe suna maganinta da tilawa. Sannan ki jera tsakuwa layi bakwai, kowane layi takwas, ki bayyana da Hausa, kafin ki ba su kalmar Larabcin. Ki warware misali biyu a allo daga farko har ƙarshe kina faɗin dalilin kowane mataki, na uku ki tsaya a rabi su ƙarasa, na huɗu nasu ne. Kowa ya rubuta amsa ya ɗaga takarda a lokaci ɗaya. Idan waɗanda suka dace ba su kai takwas cikin goma ba, kada ki wuce, ki sake da wasu lambobin.

Gyara da yabo su zo nan take, a nan Skinner, masanin halayya da ya koyar da haka, ya yi gaskiya. Bulala kuwa ɓoye kuskure take koya wa yaro.

Minti goma na ƙarshe ki haɗa su biyu-biyu, mai ƙarfi da mai rauni, kan abin da kin riga kin koyar. Shi za ki nuna wa mai duba a matsayin aikin rukuni.