Tambaya da Amsa: Duman dutse da cittar daji wajen adana tsirrai

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ta, ina aji ukku sashen ilimin tsirrai, an ba mu aikin hutu kowa shi kawo busasshen tsiro guda don a ajiye a habariyom, wato ɗakin adana busassun tsirrai, ni dangin Aristolochia ya faɗo mini, kuma na gani a intanet ana haɗa shi da wani wai shi cittar daji. To Malam ina zan same su nan Sakkwato, kuma in na sayi saiwa a kasuwa wurin masu magani ta wadatar? Ɗalibarka daga Mabera.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, Allah shi ba da sa'a. Cittar daji dai cire ta a lissafi, ita ce Asarum, tsiron ƙasashen sanyi ne irin Amurka da Turai da Sin, ba ya fitowa a dajinmu kuma ba ɗan'uwan cittar da muke sa wa kunu ba ne, ƙamshin saiwar ne kawai ya ja masa sunan. Danginsu ɗaya da Aristolochia shi ya sa kika gan su tare.

Namu na gida shi ne Aristolochia albida, wanda Hausawa ke ce wa duman dutse ko maɗacin ƙasa. Yaɗo yake yi ya nannaɗe jikin wasu itatuwa, don haka ki nemi makiyayi ko dattijon mai magani a ƙauye ki kira masa sunan Hausa ya kai ki, kuma da damina za ki je lokacin da yake fure.

Saiwar kasuwa kuwa a'a, ba ta wadatar ba ko kaɗan. Ba ki san inda aka tono ta ba, ba ki san ranar ba, ba ganye ba fure, to wa zai iya tabbatar da sunanta? Abin da ake so reshe ne mai ganye da fure, in da 'ya'ya ma ya fi. Furen nan shi ne shaida, a lanƙwashe yake kamar lofe, yana da wari mai jawo ƙananan ƙudaje su shiga ciki su kwaso garin fure. Ki tsaga ɗaya a tsaye ki shimfiɗa shi a buɗe don a ga cikinsa, wani kuma ki jefa a 'yar kwalba cikin sifirit saboda in ya bushe siffarsa lalacewa take yi. Kar ki tuge tsiron duka in shi kaɗai ne a wurin.

Ki sa reshen cikin tsohuwar jarida, ki juya ganye ɗaya ko biyu bayansu ya kalli sama, kwali sama kwali ƙasa, katako biyu, ki ɗaure da igiya tamau, kuma kullum ki canza jaridar don damina ce in kika yi sakaci kwana biyu sai ki tarar ya yi baƙi da fumfuna.

Inda nake so ki fi ba ƙarfi shi ne rubutu, a nan ɗalibai suka fi faɗuwa wallahi. Tun kina tsaye a wurin ki rubuta da fensir: sunanki, lambar samfurin, kwanan wata, ƙauye da ƙaramar hukuma, lambobin GPS daga wayarki, irin ƙasar ko marmara ce ko yashi, itacen da ya hau, launin fure da warinsa, sunan da mutanen wurin ke kiransa da abin da suke yi da shi. Launi da wari duk guduwa suke yi bayan bushewa. Sunayen tsirrai na Hausa da Dalziel, wani Bature masanin tsirrai, ya tattara ya buga a 1916 har yau da su ake aiki, saboda ya zauna ya rubuta abin da ya ji daga bakin mutane. In da hali ki ɗauki biyu ko uku, ɗaya na jami'arku, saura a aika habariyom na ABU Zariya ko na cibiyar binciken daji ta Ibadan.

Sannan don Allah kar ki ɗanɗana. Tsirran dangin nan suna da guba mai lalata ƙoda da jawo kansar hanyar fitsari, a farkon shekarun 1990 mata fiye da 100 a Beljiyam suka kamu da ciwon ƙoda bayan shan maganin rage ƙiba da aka sa wani nau'in Aristolochia a ciki. Ki wanke hannu bayan aiki, ki ɗora abin matsin saman durowa inda ƙannenki ba za su kai ba.