Me ya sa wayoyin da ake dasawa a ƙwaƙwalwa ke daina ji?

Tambaya: Assalamu alaikum malamai. Na ji ana dasa ƙananan ilektirod, wato wayoyi masu ɗauko siginar jijiyoyi, a ƙwaƙwalwar mai shanyewar jiki har ya sarrafa kwamfuta da tunaninsa, amma bayan wani lokaci sigina ta yi ta raguwa. Ƙarfen ne ke lalacewa ko jiki ne ke ƙin sa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Duka biyun ne, sai dai jiki ke farawa. Ɗauki allon Utah, wanda Richard Normann ya ƙera a Amurka: allurai 100 na silikon a kan milimita 4 sau 4, tsayinsu milimita 1 zuwa 1.5. Taurin silikon ya kai gigafaskal 150, na naman ƙwaƙwalwa kuwa 'yan kilofaskal ne, wato silikon ya fi naman tauri sau miliyoyi. Ƙwaƙwalwa na motsi da kowane bugun zuciya da numfashi, allura kuma tana nan ƙyam kamar ƙaya a tafin ƙafa, tana gogar naman. Cikin sa'o'i ƙwayoyin maikirogiliya, masu aikin garkuwa a ƙwaƙwalwa, sun taru, cikin makonni astirosait, ƙwayoyin da ke tallafa wa jijiyoyi, sun kewaye allurar da tabo. Ilektirod ba ya jin ƙwayar jijiyar da ta wuce nisan kimanin maikiromita 100 (kashi ɗaya cikin goma na milimita), don haka da tabon ya ture ƙwayoyin jijiya nesa, shi ke nan.

Shi ya sa aka karkata zuwa kayan da ke lanƙwasa, irin su ledar polimid ko farilin, da zaren kabon mai kaurin maikiromita 7. To, amma abu mai laushi ba ya huda nama, naɗewa yake yi. Sai a goya shi a allurar tungistin a zare ta bayan dasawa, ko a shafe shi da abin da ke narkewa a jiki, kamar sinadarin PEG ko sunadarin siliki. Nan ma da gyara. Shafin ya yi kauri, raunin ya koma girman na da. Ya yi saurin narkewa, wayar ta lanƙwashe kafin ta isa.

Tambaya: Me zai hana a rage girman filatinum, ƙarfen da ke bakin ilektirod, kawai?

Amsa: Idan bakin ilektirod ya ƙanƙance, turjiyarsa ga wucewar lantarki na hawa, amo ya danne sigina. Wajen tura wuta cikin ƙwaƙwalwa don motsa jijiyoyi lamarin ya fi haɗari. Filatinum mai santsi yana iya tura cajin lantarki na maikirokulom 50 zuwa 150 ne kacal a kowane santimita murabba'i. Aka matsa masa, sai ƙarfin wutar ya fita daga iyakar da ruwa ke jurewa, wato kusan bolt -0.6 zuwa +0.8. Ruwa ya tarwatse, iskar gas ta fito, ƙarfen ya fara zagwanyewa cikin nama. Dalilin ke nan ake tura wutar kashi biyu masu kishiyantar juna, na biyu ya mayar da cajin na farko.

Maganin shi ne a yalwata fuskar ba tare da ƙara faɗi ba. Shafin iridiyum oksaid yana ɗaukar milikulom 1 zuwa 5 a kowane santimita murabba'i (milikulom ɗaya maikirokulom dubu ne), ninki da yawa na filatinum, taitaniyum naitiraid kuma kusan 1. PEDOT, roba mai ɗaukar lantarki, yana rage turjiya matuƙa, amma yakan tsage ya ɓare daga ƙarfen idan aka daɗe ana tura wuta. A ganinmu, ga na'urar da za ta shekara da shekaru a kan mutum, iridiyum oksaid ya fi zama abin dogaro a yau.

Tambaya: Ta yaya ake sanin zai daɗe tun kafin a dasa?

Amsa: Ana tsoma shi a ruwan gishiri mai zafi. Ƙa'idar da ake bi ita ce kowane ƙarin digiri 10 yana ninka saurin lalacewa sau biyu, don haka wata ɗaya a digiri 67 ana lissafa shi wata takwas a jiki mai zafin digiri 37. Ana auna turjiya da wutar da ke kaɗawa sau dubu a daƙiƙa, wato kilohaz 1. Idan ta faɗi kwatsam, kada a yi murna: yawanci ruwa ne ya shiga ƙarƙashin rufin farilin, wuta na zurarewa tsakanin wayoyi. Wannan ya sa ake gwada rufin silikon kabaid. Gwajin dai ba ya kwaikwayon farmakin garkuwar jiki, shi ya sa wasu ke ƙara haidirojin feroksaid a ruwan.