Wane injin zarto mai tebur zan saya wa ɗan shagona na gida?

Ɗan'uwa, ka ce kana so ka fara ƴan tebura da kabad a tsakar gidanku a Aboabo, kana ruwan ido tsakanin ƙaramin zarton da ake ɗauka a hannu da babban nan na ƴan kwangila. In dai katako mai tauri irin odum ko mahogani zaka riƙa tsagawa daga kasuwar katako ta Sokoban, ɗauki na ƴan kwangila kawai, mai teburin baƙin ƙarfe da bel a baya, ƙarfin doki 1.5 zuwa 2, faifai inci 10. Ƙaramin injin, katako mai laushi irin wanda ake kira wawa yake iyawa, odum kuwa sai ya dinga kuka yana ƙona katakon.

Abinda mutane ke mantawa shine wuta. Tamu 230V ce, 50Hz, su kuma na hannu da ake kawowa daga Amurka yawanci 120V ne, 60Hz, ni na taɓa sayen ɗaya ban duba farantin bayanan da ke jikin motar injin ba, ranar farko ta yi hayaƙi. Wasu na ƴan kwangilar ana iya juya wayarinsu zuwa 240V, amma wannan aikin mai gyaran wuta ne, kira shi ya duba har wayoyin gidan da wayar as, wadda ake haɗawa da ƙasa.

Kafin ka biya, kulle ƙarfen da katako ke jingina da shi ka girgiza, in ya motsa barshi. Kuma wuƙar nan ta bayan faifai kar ka yarda a ce maka ba amfani, ita ke hana katako ya dawo ya doke ka a ciki. Ka tanadi sandar turawa, yatsu basa tsirowa.