Jarumi ne ko ɗan ganganci?

Malam, ka tambaya ko matashin nan mai ɗaga tayar babur a titin Gidan Zoo, wanda bidiyonsa ya cika TikTok, jarumi ne. A'a, ganganci yake yi, kuma ba ransa kaɗai yake wasa da shi ba, har da na masu tsallaka titi. Jarumi ya san haɗarin, yana jin tsoro, amma ya shiga domin ya ceci wani ko ya tsaya wa mai rauni.

Ni abin da nake dubawa shi ne wa ya amfana. Na ga 'yan kwana-kwana a gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 suna kutsawa cikin hayaƙi saboda dukiyar mutanen da ba su taɓa sani ba, kuma ba wanda ya tsaya tambayar sunayensu. Haka 'yan jam'iyyar siyasa ta NEPU, wadda aka kafa a nan Kano a 1950, sun sha bulala da ɗauri saboda talaka, da yawansu teloli da ƙananan 'yan kasuwa ne. Yaron yana da zuciya, ban musa ba, amma don Allah ku daina yi masa tafi kafin ya take ɗan wani.